Adon da Ake Ji da Kunne: Sharhi kan Kayan Ƙawa na Gidajen Abincin Sinawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A gidan abincin Sinawa wannan karin maganar ba ta cika aiki ba, domin mutum zai iya ƙare wa bango kallo tsaf, ya ci ya ƙoshi, ya fita bai kama ko kalma ɗaya daga abin da bangon ya faɗa masa ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan gidaje, a Yamai ne ko Akra ko Duwala ko Landan, ya san kayan: jajayen fitilu masu ƙaton ciki a bakin ƙofa, zakuna biyu na dutse ko na siminti, akwatin gilashi da kifaye ke yawo a ciki, wani dogon halitta mai kama da maciji ya nannaɗe ginshiƙi, sai kuma ƴar kyanwa ruwan zinariya a kan kanta tana ta ɗaga hannu ba gajiya. Mu kan kalle su mu ce ado ne irin nasu, mu wuce wajen shinkafa.

Abin da nake son in kafa a wannan sharhi shi ne, muryoyi biyu ne ke tashi daga waɗannan kaya. Ɗaya murya ce ta cikin gida, fata ne da addu'a da mai gida ke yi wa kansa da baƙinsa, cikin harshen da suka gada. Ɗayar kuwa shela ce ta kasuwa, ana kwaɗa wa bare kira cewa ga abincin Sin nan. Ta farkon tana da ƙa'ida da nahawu, har ana iya yin kuskure a cikinta. Ta biyun ba ruwanta da ƙa'ida, yawa kawai take so. A ganina gidan abinci yana yin kyau ne gwargwadon yadda ya bar muryar farko ta fito, kuma akasarin waɗanda ake buɗewa a wajen ƙasar Sin sun bar ta biyun ta danne ta.

Inda hoto ke zama kalma

Sinanci harshe ne mai karin sauti, kuma kalmominsa gajeru ne, saboda haka kalmomi da yawa kan yi karo a furuci. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mun san kuka ta miya da kuka na hawaye, mun san gashin kai da gashin nama, mun san wuya da ake sa wa sarƙa da wuya da ba ta kisa. Abin da mu muka mayar wasan baki da zaurance da kacici-kacici, Sinawa sun mayar da shi zane da sassaƙa. In abu ya yi kama da wata kalmar alheri a furuci, sai a zana abin, a bar wa mai kallo ya furta sunansa a zuci, fatan ya fito da kansa.

A ɗauki jemage. A wajenmu ba dabbar da ake yi wa kallon arziki ba ce, kuma ba Bahaushen da zai zana ta a zaurensa. A Sinanci sunanta fu, kalmar sa'a da albarka ma fu. Shi ya sa za ka ga jemagu a jikin faranti, a ƙofar taga, a bayan kujera, wani lokaci an lanƙwasa su har sun koma kamar malam-buɗe-littafi. In ka ƙirga ka samu biyar, to ana nufin albarkatu biyar da wani tsohon kundinsu mai suna Shujing ya lissafa: tsawon rai, da dukiya, da lafiya tare da kwanciyar hankali, da son nagarta, da cikawa lami lafiya cikin tsufa. Jemagu huɗu ba su faɗi wannan magana ba, shida ma haka. Adadin yana cikin jimlar.

Shi kansa harafin fu, wanda ake rubutawa a jar takarda mai kusurwa huɗu, sau da yawa a kife ake manna shi. Baƙo zai ɗauka ma'aikaci ne ya yi ganganci. Da gangan ne. Kalmar kifewa dao ce, kalmar isowa ma dao, saboda haka duk wanda ya ce albarka ta kife, ya ce albarka ta iso ke nan. Mai gida ya ɗana wa bakin baƙonsa tarko mai kyau, ya sa shi yi masa addu'a ko bai shirya ba.

Kifi sunansa yu, haka ma rara, wato abin da ya saura bayan an biya buƙata. Wannan ne ya sa ake cin kifi a daren sabuwar shekara, a kuma rage wani sashe, da fatan kowace shekara a samu saura. Akwatin kifi a gidan abinci yana ɗauke da wannan fatan, ga kuma imanin masu ilimin tsara muhalli da ake kira fengshui cewa ruwa mai motsi dukiya ce mai shigowa. Tulun tangaran da ke tsaye a lungu sunansa ping, kuma ping ce farkon kalmar zaman lafiya. Kabejin da aka sassaƙa da koren dutse ko roba aka ajiye kusa da akwatin kuɗi sunansa baicai, wanda ya yi kusa da cewa dukiya ɗari. Gora mai ƙugu, hulu, ta yi kusa da fulu, sa'a da albashin muƙami. Mutanen kudu masu jin Kantonanci kan ajiye ɗan itacen lemo a tukunya a bakin ƙofa lokacin sabuwar shekara, domin a bakinsu sunan wannan lemo da kalmar sa'a furuci ɗaya ne.

Lissafi ma bai tsira ba. Takwas, ba, ta yi kama da fa, bunƙasa, shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Huɗu kuwa, si, ta yi kama da mutuwa, don haka wasu gidajen kan tsallake ta a lambar tebur ko ta ɗaki. Wanda ya ga Bahaushe yana kiran maciji igiyar ƙasa da dare, ko ya ji ɗan kasuwa ya ce albarka maimakon ya ce ban sayar ba, ya san cewa tsoron abin da baki ke furtawa ba a Sin kaɗai yake ba.

Daga nan ne matsalar farko ta taso. Wannan ado da kunne ake karanta shi. In aka ɗauke shi aka kai inda ba mai jin harshen, hoton yana isa lafiya, sautin kuwa ya tsaya a tashar jirgin ruwa. Kifi ya koma kifi kawai, tulu ya koma tulu.

Kowane abu da mazauninsa

Akwai kuma rukuni na biyu na kayan, waɗanda ma'anarsu ta dogara da daraja da wuri. Babbansu shi ne long, halittar almara da Turawa ke kira diragon. A tatsuniyar Turai dodo ne mai feshin wuta wanda jarumi ke kashewa. A Sin kuwa shi ne mai ruwa da gajimare da damina, kuma alamar sarauta. A zamanin daulolin Ming da Qing, long mai farata biyar a ƙafa na sarki ne, manyan fadawa huɗu ake zana musu. Rawaya mai haske ma launin sarki ne. Talakan da ya sa waɗannan a rigarsa ko rufin gidansa ya nemi fitina da hukuma. Sarautar ta faɗi a 1912, dokar ta bi ta, yau kuma ga long mai farata biyar a jikin ledar da ake ƙunshe soyayyar taliya.

Ba na kukan mutuwar waccan doka. Abin lura dai shi ne, ko bayan faɗuwar sarauta akwai wurin da long yake da aiki na gaske. A manyan gidajen walima na Kantonawa, a Hong Kong da Guangzhou, bangon da ke bayan dandamali kan ɗauki long a gefe ɗaya da fenghuang, tsuntsuwar almara, a ɗaya gefen. Shi ango ne, ita amarya. In biki ya zo sai a rataya a tsakaninsu harafin farin ciki da aka rubuta sau biyu a manne, alamar aure. Wannan bango yana da ranar aikinsa, ƙarƙashinsa ake zaunar da iyayen ango da na amarya. In aka cire shi daga wannan hidima aka liƙa a ɗan shagon da ba a taɓa yin walima a ciki ba, ya zama kamar a kafa lemar sarki a kan teburin mai shayi.

Zakunan bakin ƙofa su ma da tsarinsu. Sin ba ƙasar zaki ba ce, ta hanyar fatauci da kyaututtukan sarakunan yamma aka fara kawo shi tun zamanin daular Han, addinin Buddha kuma ya ƙara masa daraja. Shi ya sa zakin Sinawa ya fi kama da ƙaton kare mai nannaɗen gashi, yawancin masu sassaƙa shi ba su taɓa ganin na gaske ba. Biyu ake kafawa, namiji da mace. Namijin yana dafe da ƙwallo, macen tana dafe da ɗanta. In kana waje kana fuskantar ƙofa, namijin na hannun damanka, macen na hagu. Shi yana tsaron ginin da ikonsa, ita tana tsaron waɗanda ke ciki. Gidan da ya kafa maza biyu, ko ya musanya musu wuri, ya nuna cewa daga kundin tallan kaya aka zaɓo su.

Haka launi. Ja na murna ne, na aure da sabuwar shekara. Fari na makoki ne, farar fitila a ƙofa a al'adance sanarwar rasuwa ce. Allon da ake gittawa da zarar an shiga ƙofa, wanda ke sa mutum ya karkata kafin ya ga cikin ɗaki, ya samo asali daga katangar da ake ginawa a mashigin tsofaffin gidaje. Ana cewa miyagun iskoki a miƙe suke tafiya, ba su iya kwana. Ko ba ka yarda da wannan ba, aikin allon a fili yake: yana kare masu cin abinci daga idon mai wucewa, kamar yadda zaure da soron ciki ke yi a gidan Bahaushe. Teburi mai da'ira kuwa yana da alaƙa da kalmar tuanyuan, haɗuwar iyali, kuma duk da ba shi da kusurwa yana da kujerar girma, wadda ke fuskantar ƙofa. Nan ake zaunar da babban baƙo.

Yadda shela ta rinjayi fata

Kada a ɗauka cewa ado don jan ciniki sabon abu ne. A dogon zanen nan na Zhang Zeduan, na ƙarni na 12, wanda ya nuna hada-hadar babban birnin daular Song, ana ganin gidajen abinci da na sha da dogayen ƙofofi na itace da gora da aka ƙawata don a hango su daga nesa. Amma waɗancan alamu da ƴan gari suke magana, masu sanin abin da kowace ke nufi.

Salon da ya mamaye duniya yau, a Amurka aka haife shi. A 1882 majalisar ƙasar ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shiga, dokar da ba a soke ba sai 1943. Cikin wannan ƙunci ne girgizar ƙasa da gobara suka cinye San Francisco a watan Afrilun 1906, har da unguwar Sinawa. Wasu manyan gari suka ga dama ta samu ta korar su daga tsakiyar birni. Attajiran unguwar, ciki har da wani mai suna Look Tin Eli, suka yi dabara: suka ɗauko masu zanen gini Turawa, irin su T. Paterson Ross, suka ce a gina musu unguwar da za ta burge ƴan yawon buɗe ido. Haka aka samu gine-ginen Sing Chong da Sing Fat, masu hasumiya mai hawa-hawa da lanƙwasassun rufi a saman kantuna. A Sin irin wannan hasumiya gini ne na addini, ana ajiye kayan tarihin Buddha a ciki. Ba a ɗora ta kan shago. Unguwar da ta ƙone ba haka take ba, gine-ginenta irin na sauran gari ne. Sabuwar kuwa ta fito da siffar Sin kamar yadda Ba'amurke ke mafarkinta, kuma dabarar ta ci, unguwar ta zauna inda take har yau.

Dole a yi wa waɗannan mutane adalci. Mutumin da ake shirin rushe masa gida ba ya da lokacin muhawara kan asalin hasumiya. Sun sa rigar da maƙwabci ke son gani don su tsira, kuma gidan abinci na cikin ƴan sana'o'in da aka bar musu. Laifin da nake gani yana kan abin da ya biyo baya, lokacin da rigar dole ta zama yunifom. Aka samu salon rubutun boko mai kaifin baki da ake kwaikwayon alƙalamin gashi da shi, wanda ba wani Basine da ke rubutu haka. Aka samu ɗan biskit mai takardar duba a ciki, wanda asalinsa na Japan ne, a Kalifoniya ya yi suna, kuma a Sin ba a san shi a teburin abinci ba. Ita ma kyanwar nan mai ɗaga hannu ƴar Japan ce, sunanta maneki-neko, a ƙarni na 19 ta bayyana a can. Sinawa ƴan kasuwa sun karɓe ta hannu biyu, har a cikin Sin, amma ba ta cikin tsohon nahawun da muka yi bayani.

Ƙololuwar wannan salo shi ne Jumbo, gidan abinci mai yawo a kan ruwa da aka buɗe a Hong Kong a 1976. An gina shi da siffar fadar sarki, da long a ko'ina, har da gadon sarauta da baƙi ke hawa a ɗauke su hoto. Mutane da yawa sun so shi, kuma aikin hannu na gaske ya shiga cikinsa. Duk da haka fada ce da ba sarki, an yi ta don kyamara. Annobar korona ta rufe shi a 2020, a watan Yunin 2022 aka ja shi aka fitar daga tashar, bayan ƴan kwanaki ya kife a tekun kudancin Sin.

Abin da ba ado ba ne

Akwai wani abu a gidajen nan da mai karatu, musamman Musulmi, ya kamata ya iya bambance shi da sauran. A gidaje da yawa, musamman na mutanen kudu, za ka ga ɗan akwati ja a jikin bango, da jar fitila, da mutum-mutumin wani mai jar fuska da dogon gemu riƙe da doguwar adda. Wannan Guan Yu ne, jarumin yaƙi da ya mutu wajen shekara ta 220, wanda daga baya aka ɗaukaka shi zuwa abin bauta saboda riƙon amana. Ƴan kasuwa na girmama shi a matsayin mai tsaron dukiya da alkawari. In ka ga turaren tsinke yana hayaƙi a gabansa, da lemo a faranti, da ƴan kofunan shayi, to wurin ibada kake kallo. Wani lokaci akwai ƙarami a ƙasa daɓe da bango, na ubangijin wurin a imaninsu, a ɗakin girki kuma na mai kula da murhu.

Abin mamaki, wannan ɗan lungu da ba a yi shi don baƙo ba sau da yawa shi ne wuri mafi gaskiya a duk gidan. Ba a haska shi don hoto, tokar turare ta ɓata shi, ana canza masa lemo. Sanin haka yana da amfani ta fuska biyu. Mai ci zai san abin da ke gabansa, ya yanke wa kansa hukunci da ilimi. Kuma ba zai ɗora jakarsa ko ya jingina a kan abin da mai gida ke girmamawa ba. Haka nan ɗan kasuwarmu da ke cika kwantena da kayan ƙawa daga Yiwu ya kamata ya san wanne ne fure, wanne ne gunki, kafin ya jera su a kantinsa.

Buta a kan allo

Misalin da ya fi gamsar da ni cewa alama na iya yin aiki na gaske yana wajen Musulmin Sin. Ƙabilar Hui, waɗanda suka haura miliyan 11, sun shahara da sana'ar abinci, kuma taliyar Lanzhou mai romon naman sa da ake ja da hannu ta shiga kusan kowane birni a ƙasar. Gidajensu ba su cika ɗaukar long ko zaki ba. Kore ne ya fi yawa, da haruffa biyu da ake karantawa qingzhen, wato tsarki da gaskiya, kalmarsu ta halal, da rubutun Larabci da aka ja da alƙalamin Sinawa. Tsohuwar alamarsu kuwa hoton buta ce, butar alwala, a kan allon ƙofa. Wanda bai iya karatu ba ma in ya ga buta ya san masu wannan gida suna tsarki, ba naman alade a tukunyarsu. Bahaushe bai buƙatar tafinta a nan. Fatakenmu da ke sauka unguwar Xiaobei a Guangzhou da irin waɗannan alamu suke gane inda za su ci.

A arewa maso gabashin Sin akwai wata tsohuwar al'ada ta rataya wani abu mai kama da ganga mai tuntaye a ƙofar gidan abinci, ana ce masa huangzi. Ja na kowa da kowa ne, shuɗi na Musulmi. Ɗaya na nufin ɗan wurin ƙwalama, biyu gidan da ke soye-soye na yau da kullum, huɗu babban gida da ke iya dafa abin da ka nema. Uku kuwa ba a ratayawa, domin a bakin mutanen yankin cewa huangzi uku ya yi daidai da cewa yin ƙarya. Wannan alkawari ne a rataye: wanda ya sa huɗu alhali girkinsa na biyu ne, ya jawo wa kansa abin kunya.

Shaidar cewa waɗannan alamu suna da nauyi ita ce yadda hukuma ke ɗaukarsu. A watan Yulin 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa jami'ai a Beijing sun umarci gidajen abinci da kantunan halal su cire rubutun Larabci da alamun Musulunci irin su jinjirin wata daga allunansu, a ƙarƙashin manufar mayar da addinai su dace da al'adar Sin. Ba wanda ya taɓa ba da umarnin a cire kyanwa mai ɗaga hannu. Alamar da ke faɗin wani abu ita ake jin tsoro.

Hukunci

Wani zai ce, mene ne laifi in ma'ana ta sauya? Zaki ma baƙo ne a Sin, kyanwar Japan ma wata rana za ta zama ƴar gida, kuma wanda ya zo cin abinci bai zo jarrabawa ba. Akwai gaskiya a ciki. Al'ada ba ta zama wuri ɗaya, kuma ba ni da hurumin hana Basinen Akra son kyanwarsa. Ma'aunina bai shafi tsufan abu ko asalinsa ba. Tambayata ɗaya ce: akwai wanda ke nufin wani abu da wannan kaya, ko kuwa an zuba su ne don a cike bango? Zakin da aka aro tun zamanin Han an ba shi wuri da jinsi da aiki. Abin da ake saye da kilo a zuba ko'ina ba a ba shi komai ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Gidajen da suka daɗe suna nuna cewa ƙanƙanin abu ya isa. Quanjude, gidan gasasshen agwagwa da aka kafa a Beijing a 1864, darajarsa na rataye a allo ɗaya mai haruffa uku, wanda har yau mutane ke tsayawa suna gardamar dalilin da ya sa harafin ƙarshe ya rasa layi ɗaya. Gidan shayi na Luk Yu a Hong Kong, wanda ya fara a 1933, sunan Lu Yu ya ɗauka, malamin ƙarni na 8 da ya rubuta littafi kan shayi. Kujerun katako ne a ciki, da fankar sama, da zane-zane da rubutun hannu a bango. Wanda ya san sunan ya riga ya san abin da gidan ke alfahari da shi tun kafin a kawo buta.

Illar ɗaya salon ba ta tsaya a rashin kyau ba. Ƙasa mai mutum sama da biliyan 1, mai girkin Sichuan da na Kanton da na Hui da na Uyghur, an matse ta cikin fitila ja da maciji ɗaya, har baƙo ya ɗauka duk abu guda ne. Mu ma mun san wannan ciwo. Wanda ya ga zanen bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, inda magini ke zana wa mai gida abin da ya dace da matsayinsa, sannan ya ga yadda ake dasa zanko a kan otal na siminti don a ce an yi gargajiya, ya san bambancin. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka in ka sake shiga gidan abincin Sinawa, kafin a kawo abin da ka yi oda, ƙirga jemagun da ke jikin farantin. Duba wanne zaki ne a dama. Nemi lungun da turare ke tashi, ka duba ko akwai kore ko buta a allon ƙofa. In da hali tambayi mai gidan dalilin da ya sa harafin nan yake a kife. In fuskarsa ta washe ya fara ba ka labari, ka shigo gidan mutum. In ya ce haka aka kawo shi a kwali, ka ci abincinka lafiya, wataƙila ma ya yi daɗi, amma bangon ba shi da abin da zai faɗa maka.